Yadda ake shirya cibiyar wuta ko ta sadarwa don ranar da komai zai tsaya

Da ƙarfe 12:33 na rana, ranar 28 ga Afrilun 2025, wuta ta ɗauke a kusan ilahirin Sifaniya da Fotugal. Cikin 'yan daƙiƙu aka yi ta aka gama. Jiragen ƙasa suka tsaya cak, fitilun ba da hannu suka mutu, sannan sabis ɗin waya ya riƙa janyewa unguwa-unguwa, gwargwadon yadda batiran turakun sadarwa ke ƙarewa. Masu manyan wayoyi a aljihu suka bazama neman rediyo mai batir. Wuta ce kaɗai ta ɗauke, amma ta ja sadarwa, sadarwa ta ja biyan kuɗi da kati, aka wayi gari mai kuɗi a asusu ba shi da abin sayen ruwa.

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa nauyin wurin da jama'a ba sa iya haƙuri da tsayawarsa ne: tashar rarraba wuta, kamfanin sadarwa, gidan ruwa, ɗakin na'urorin asibiti ko na banki. Aiki biyu ne a gabanka. Na farko tsaro, wato hana ɓarna shigowa. Na biyu juriya, wato in ta shigo, aiki ya ci gaba ko ya dawo da wuri. Akasari a na farkon ake narka kuɗi, don shi ake iya nuna wa baƙi. A ganina na biyun ne ke fid da kai kunya, kuma duk tanadin da ba ka taɓa kashe wuta ka gwada shi ba, ka ɗauka ba ka da shi.

Mataki na 1: Ka san abin da ke hannunka

Kar ka fara da jerin na'urori. Fara da hidimar da kake yi wa mutane, ka rubuta ta a jimla guda: kai wuta gidaje kaza, ko riƙe kiran waya a yanki kaza. Daga nan ka tambayi kanka awa nawa wannan hidima za ta iya tsayawa kafin abin ya zama asarar rai ko asarar da ba ta gyaruwa. Layin kiran agajin gaggawa mintuna ne. Tsarin fitar da takardar biyan kuɗi na iya kwana uku ba wanda ya mutu. Wannan lissafi shi zai nuna maka inda kuɗin farko za su tafi.

Sai ka tashi da ƙafarka, da takarda da biro, ka zagaya. Kar ka yarda da jadawalin da ke cikin kwamfuta. Buɗe kowane akwatin na'ura, ka rubuta sunanta, shekarunta, manhajar da ke kanta, da wanda ke iya shigarta daga nesa. Da wuya ka gama zagayen ba ka ci karo da wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki ba, wadda wani ɗan kwangila ya maƙala shekaru biyar da suka wuce don ya huta zuwa, ya tafi ya bar ta a kunne.

Mataki na 2: Bi sarƙar dogaro har ƙarshenta

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Ɗauki kowace na'ura mai muhimmanci ka tambaya: wannan da me take rayuwa? Amsar da ka samu, ita ma ka yi mata wannan tambaya, har sai ka fita daga harabarka ka shiga ta wani. Na'urar sadarwa tana son wuta da sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki tana son wuta, wata ma har da ruwa. Janareta na son mai, mai na son tanka, tankar na son hanya da direba, gidan man da za a ɗebo kuwa famfonsa da wuta yake aiki.

Abin da kake farauta shi ne wurin da sarƙar ta zagayo ta cije wutsiyarta. A watan Fabrairun 2021, lokacin da tsananin sanyi ya rufe jihar Texas ta Amurka, an riƙa yanke wa yankuna wuta don a ceci babban layi. Cikin waɗanda aka yanke wa har da wuraren haƙo iskar gas da turo ta, don da yawansu ba su yi rajista a matsayin wuraren da ba a taɓawa ba. Gas ya ragu, tashoshin da ke ƙona shi su ba da wuta suka ƙara durƙushewa. Fom guda da ba a cike ba ya taimaka wajen tsawaita duhu. Ka bincika yau: shin kamfanin da ke ba ka wuta ya san kai waye, kuma sunanka na cikin jerin waɗanda ake fara mayar wa?

Masu sadarwa ma suna da irin nasu tarkon. Ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarni da aka tura lokacin gyara ya yanke Facebook daga intanet na kimanin awa shida, kuma kayan aikin da injiniyoyi za su gyara da su a kan wannan netwok ɗin suke, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin na'urori. Ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin sadarwa na Rogers a Kanada ya faɗi, mutane sama da miliyan 12 suka rasa sabis, ma'aikatansa kuma layin kamfanin suke riƙe da shi, kiran juna ma ya zama aiki. Don haka ka ware hanyar shiga na'urorinka wadda ba ta bi ta cikin netwok ɗin da take kula da shi, ka kuma ba manyan ma'aikatanka layin wani kamfanin daban. Ba cin amana ba ne, hankali ne.

Mataki na 3: Nemo abu ɗayan da in ya faɗi kowa ya faɗi

Injiniyoyin wuta suna da ƙa'idar da suke kira N-1: a tsara layi yadda in aka rasa kowane abu guda, taransifoma ko waya ko inji, sauran za su ɗauki nauyin. Ɗauki zanen wurinka, rufe abu ɗaya da yatsa, ka ga ko hidima ta tsaya. In ta tsaya, ka yi masa jan zagaye.

Sai dai biyu a takarda ba koyaushe ne biyu a ƙasa ba. Na taɓa aiki a wani wuri da ake alfahari da layukan faiba biyu, wato wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet, daga kamfanoni biyu. Ranar da motar haƙa ta zo aikin magudana, duka biyun suka mutu a minti guda. Da muka je, ga wayoyin nan kwance gefe da gefe cikin bututu ɗaya, baƙa da ruwan lemo, haƙorin katafila ya tsinke su tare. Ashe kamfani na biyun hayar ramin na farkon ya yi. An gudu ba a tsira ba. Tun daga ranar ba na karɓar kalmar "hanya daban" sai an shimfiɗa mini taswira na bi ta da yatsa: ta wace gada suka haye, ta wane ɓangaren gini suka shigo, a wane akwati suka ƙare.

Haka abin yake har a teku. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama suka shiga wahalar intanet duk da cewa sunayen wayoyin daban-daban ne. Tonga kuwa waya ɗaya tak ta haɗa ta da duniya, aman wutar dutse na 15 ga Janairun 2022 ya tsinke ta, aka yi kusan mako biyar kafin a gyara. Madadin kirki shi ne wanda ya bambanta ta iri: in babban layinka a ƙasa yake, na biyun ya bi ta iska ko ta tauraron ɗan'adam, ko da ƙarfinsa kaɗan ne.

Kar ka manta mutum ma abu ɗaya ne. In mutum guda ne ya san yadda ake tada tsarin daga farko, yi masa jan zagaye shi ma.

Mataki na 4: Wutar ko-ta-kwana

Hawa uku ne: batir ya riƙe daƙiƙun farko, makunnin sauya layi ya juya, janareta ya ɗauka. Kowane hawa yana da irin ƙaryar da yake yi.

Batir yana nuna cikakken caji alhali cikinsa ya mutu. Hanyar sanin gaskiyarsa ita ce a ɗora masa nauyi a riƙe agogo. Zafi ne babban makashinsa: batirin dalma da aka tsara wa digiri 25, duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage masa rabin rayuwa. Rubuta ranar da aka saka shi a jikinsa da maka, ka canza shi kafin ya nuna maka hali.

Janareta kuwa, a kunna shi minti biyar ba nauyi a kashe, wannan gaisuwa ce kawai. Ƙa'idar NFPA 110 da ake bi a Amurka ta ce a gwada injin dizal duk wata, aƙalla minti 30, da nauyin da bai gaza kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. In yana yawan gudu fayau, man da bai ƙone ba yana taruwa a salansa ya rage masa ƙarfi. A abin da na gani, abin da ya fi hana inji tashi ba babba ba ne: ɗan batirin tayarwa ne ya mutu, ko wani ya bar makunni a "kashe" bayan sabis. Dizal ma yana tsufa. In ya wuce wata shida zuwa shekara a tanki, ruwa na taruwa a gindi, dauɗa ta toshe matata. Ɗebo daga ƙasan tankin cikin kwalba mai haske ka ɗaga ta a rana, in ka ga hawa biyu ko duhu-duhu, ka san sauran.

Sannan ka duba inda ka ajiye su. A tashar nukiliya ta Fukushima, ranar 11 ga Maris 2011, injinan sun tashi lafiya bayan girgizar ƙasa, igiyar ruwa ce ta same su a ƙasan gini ta shanye. A 2012, lokacin guguwar Sandy, asibitin Bellevue na New York yana da janareta a hawa na 13, amma famfon da ke turo masa mai yana ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa ya ci famfon, sai mutane suka jeru a matakala suna miƙa wa juna mai hannu da hannu. Bi bututun man da idonka daga tanki har inji.

Mataki na 5: Raba ofis da ɗakin injuna

Kwamfutar da ake buɗe imel a kanta da wadda ke buɗe makunnin tashar wuta bai kamata su ga juna kai tsaye ba. Dalili shi ne yawancin na'urorin sarrafa injuna an yi su ne a zamanin da ba a tunanin ɓarawo. Modbus, yaren da irin waɗannan na'urori ke karɓar umarni da shi, wanda ya fito a 1979 kuma har yau ake amfani da shi, ba ya tambayar wanda ya turo umarni waye. Duk wanda ya iso bakinsa, ya zama maigida.

Ranar 23 ga Disambar 2015 ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta uku a Yukren suka zuba ido suna kallon kibiyar kwamfutarsu tana yawo da kanta tana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Kimanin gidaje da ma'aikatu 225,000 suka shiga duhu. Masu kutsen sun shigo ne watanni kafin nan ta saƙon imel mai ɗauke da takardar bogi, suka zauna a ɓangaren ofis suna tattara kalmomin sirri, sannan suka tsallaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta da girma. A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai ɗaukar kusan kashi 45 cikin ɗari na man gabashin Amurka, an shige shi ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga netwok daga nesa, da ba a rufe ba, mai kalmar sirri kaɗai. Ya rufe bututunsa na kwanaki, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Ga abin yi. Sa katangar tsaro, wato na'urar da ke tace abin da ke wucewa a netwok, tsakanin ɓangarorin biyu, ka rufe komai, sannan ka buɗe abin da aiki ya tilasta kaɗai, kowace ƙofa da dalilinta a rubuce. Duk shiga daga nesa ta bi ta kwamfuta guda da aka keɓe, mai neman shaida biyu: kalmar sirri da lambar da ke zuwa a wata na'ura. Ɗan kwangila a buɗe masa ranar da zai yi aiki, a rufe in ya gama. Wanda ya bar aiki a soke asusunsa kafin ya kai bakin get. Canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, don tana cikin littafinta da kowa ke iya saukewa. Akwai shafin Shodan da ke jera na'urorin da ke buɗe a intanet, nemi adireshinka a can kafin wani ya riga ka. Filashi kuma kar a soka shi a ɗakin injuna sai an tace shi a wata kwamfuta daban, don ta irin wannan hanya muguwar manhajar Stuxnet, da aka gano a 2010, ke tsallakawa zuwa na'urorin da ba su taɓa ganin intanet ba. Mai son tsari a rubuce ya nemi ƙa'idojin IEC 62443, su ne suka fi zurfafawa a wannan rabo.

Mataki na 6: Sabunta manhaja, amma kashi-kashi

Sabuntawa dole ce, a fara da na'urorin da ke fuskantar intanet. Amma kar a tura wa kowa rana ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, ba ɓarawo ko ɗaya a ciki. Gwada a kan kaɗan, jira, sannan ka faɗaɗa, kuma ka san yadda za ka koma baya kafin ka taɓa.

Mataki na 7: Kwafin ajiya da ba ya kan layi

Ƙa'idar ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ni ina ƙarawa da cewa ɗayan ya zama a cire yake, ba waya a jikinsa. A Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta shafe kamfanin jiragen ruwa na Maersk, sai da ya sake ɗora kwamfutoci 45,000 da saba (manyan kwamfutocin ajiyar bayanai) 4,000 cikin kwana goma. Na'urorin da ke riƙe da rajistar asusun ma'aikata duk sun tafi tare, don suna kwafar juna a kan layi. Guda ɗaya ta tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can lokacin harin. Sa'a ce, ba a gina tsari a kanta.

Ba takardun ofis kaɗai ake kwafa ba. Saitin na'urorin kariya na tashar wuta, shirin da ke cikin na'urorin sarrafa injuna, saitin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, lasisin manhaja, duk su shiga. Bayan wata uku-uku ka ɗauki kwamfuta fanko ka dawo da komai a kanta, da agogo a hannu. Lokacin da ya ɗauka, kwatanta shi da awannin da ka rubuta a mataki na 1.

Mataki na 8: Katanga, makulli da bishiya

A Afrilun 2013 wasu suka yanke wayoyin faiba kusa da tashar wutar Metcalf a Kalifoniya, sannan suka buɗe wa taransifomomi wuta, 17 suka lalace. Babbar taransifoma ba kayan kanti ba ce, odarta kan haura shekara. Yi yarjejeniyar aron kayan gyara da takwarorinka tun ana zaman lafiya. Sauran sanannu ne: shingen da ke kare gani, murfin rami mai kulle, kyamarar da wani ke kallo da gaske, rajistar makullai, da sare rassan da ke kusa da layi.

Mataki na 9: Ƙararrawa ma a sa mata mai gadi

Ranar 14 ga Agustan 2003 wasu layukan wuta a Ohio suka yi zafi suka saki har suka taɓa bishiyoyi. Manhajar ƙararrawa a ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy ta daskare ba tare da ta faɗa ba, ma'aikata suka shafe sama da awa guda suna ganin shiru suna zaton lafiya. Mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. Sa tsarin sa-idonka ya riƙa turo alamar "ina raye" a kai a kai, rashin zuwanta ya zama ƙararrawa. In wani ya bugo daga waje ya ce yana ganin abin da allonka bai nuna ba, ka gaskata shi har sai ka tabbatar. Rage ƙararrawar banza kuma, don wadda ke kuka sau ɗari a rana ba mai waiwayarta.

Mataki na 10: Koyi aiki da hannu, sannan ka kashe ka gani

Abin da ya ceci Yukren a 2015 shi ne ma'aikata sun shiga motoci sun je tashoshi sun mayar da makunnai da hannu, wuta ta dawo cikin awa ɗaya zuwa shida, alhali na'urorin sarrafawa daga nesa sun daɗe ba su warke ba. Tambayi kanka: mutum nawa a wurinka za su iya haka yau, cikin dare, ba allo? In tsofaffin ma'aikata ne kaɗai, haɗa kowanne da matashi, su je su yi tare, a rubuta matakan a manna a jikin akwatin cikin leda.

Tsarin gaggawa ya kasance a takarda, cikin fayil, a wuri biyu. Wanda ke cikin saba zai mutu tare da ita. Shafin farko ya amsa abu huɗu: wa ke da ikon cewa a rufe ba tare da jiran kowa ba, wa ke maye gurbinsa in ba a same shi ba, da me za a yi magana in waya ta mutu, kuma wa ake fara mayar wa hidima. Oba-oba da cajajjen batir, ko wayar tauraron ɗan'adam, a ajiye su inda mai aikin dare zai kai hannu. Sa lambobin hukumar da doka ta ce ka sanar, da wa'adinta. A Tarayyar Turai, dokar NIS2 ta ba da awa 24 don gargaɗin farko, awa 72 don sanarwa mai ƙarin bayani. Duba abin da dokar inda kake ta ce. A tanadi wanda zai yi wa jama'a bayani, don a Yukren maharan sun cika layin ƙorafi da kiran bogi da gangan.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka atisaye hawa-hawa ake yinsa. Fara a kan tebur: tara mutane awa biyu, ka ce ƙarfe biyun dare ne, allo ya mutu, shugaba yana cikin jirgi, kowa ya faɗi abin da zai yi. Duk wanda ya ce "sai in kira wane", ka ce ya kira shi yanzu. A nan za ka gano lambobin da suka mutu. Bayan wata ɗaya ka gwada abu guda da gaske: zare babban layin faiba ka ga ko na biyun ya ɗauka, kuma cikin daƙiƙa nawa. Na ƙarshe shi ne wanda kowa ke tsoro: a zaɓi lokacin da nauyi ya yi ƙasa, a sanar da waɗanda abin zai shafa, injiniya na tsaye da hannunsa kusa, a sauke babban makunnin wuta a bar wurin a kan batir da janareta na awanni.

Mutum ɗaya ya zauna gefe da agogo da littafi, ba ya taɓa komai, yana rubuta abin da ya faru da mintinsa. Washegari a zauna a karanta, ba neman mai laifi, don in aka hukunta wanda ya faɗi kuskurensa, na gaba shiru zai yi. Kowace matsala a rubuta sunan mai gyara ta da ranar gamawa a gabanta, sannan a sa ranar atisaye na gaba a kalanda kafin a tashi daga zaman.